Masu Cewa Ancelotti Sa'a Ce, Ku Zo Mu Yi Lissafi

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah ta 2022, daren Laraba, gidan kallon unguwarmu ya cika ya batse, wasu har a kan taga suka zauna. Real Madrid ce ta karɓi baƙuncin Manchester City a karawa ta biyu ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai. City ta riga ta ci 4-3 a gidanta, sai kuma Mahrez ya ƙara ɗaya a minti na 73. Tun daga nan 'yan Madrid suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce zai sayo ruwa, wancan ya kara waya a kunne ya fice alhali ba wanda ya kira shi. Kyamara ta hasko kocin Madrid, Carlo Ancelotti, a bakin layi yana taunar cingam, girarsa ta hagu a ɗage kamar wanda aka gaya wa farashin da bai gamsu da shi ba. Abokina da ke zaune kusa da ni, wanda tela ne kuma ɗan Barcelona na gani-kashe-ni, ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Malam, dubi tsohon naka. Wallahi ko tunani ba ya yi."

Rodrygo ya ci a minti na 90. Kafin masu murna su koma kan benci ya sake ci da ka. Aka tafi ƙarin lokaci, Benzema ya buga fenareti ya shiga. Masu sayen ruwa suka dawo a guje, ba ruwan, ba labarinsa. Da aka tashi na juya ina kallon telan, ina jiran ya janye maganarsa. Sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Sa'a ce. Mutumin nan ko dai sa'a, ko asiri."

Ni ba ɗan Madrid ba ne. Tun zamanin Maldini na kamu da son AC Milan, kuma ta can na san Ancelotti. Amma maganar telan nan na ji ta a bakin mutane da yawa, a majalisa, a wurin mai shayi, a Facebook: wai Ancelotti ba shi da wata dabara, tauraro kawai yake tarawa ya sake su a fili, ya tsaya yana cin cingam har Allah ya kawo ci. Sa'a ta fi sammako, in ji su. Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin wasan da muka kalla tare a daren nan.

A minti na 68 ya cire Kroos ya sa Rodrygo. A minti na 75 ya cire Modric da Casemiro lokaci guda, ya sa Camavinga da Asensio. Wato mutanen nan uku da suka riƙe tsakiyar Madrid shekara da shekaru, waɗanda suka ci mata kofin nan sau uku a jere, ya zaunar da su duka a wasan da ake kai ko a mutu. Ƙwallon farko, Camavinga ne ya ɗaga wa Benzema, Benzema ya miƙa wa Rodrygo. Na biyu, Carvajal ya bugo, ya goga kan Asensio, Rodrygo ya sa kai. Fenaretin ma Camavinga ne ya ɗauko ƙwallon daga baya da gudu, Rodrygo ya jefa ta cikin da'ira, aka yi wa Benzema ƙeta. Duk waɗanda ya sako sai da hannunsu ya fito a ci. Kroos da kansa ya faɗa daga baya cewa kocin ya tuntuɓe su, su manyan da ke benci, kan wa ya kamata a saka a ƙarin lokaci. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa bai san abin da yake yi ba. Ni kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ka cire ɗan wasa kamar Kroos a irin wannan dare, maimakon ya jefar da kwalbar ruwa ya ɓata rai, sai ya tsaya kusa da kai yana taya ka tunani. Wannan ba a daren ake samar da shi ba.

Wanda yake son ya fahimci Ancelotti sai ya koma baya, can kafin cingam da furfura. An haife shi a 1959 a Reggiolo, wani ƙaramin gari a arewacin Italiya, ɗan manomi ne. Ya fara a Parma, ya koma Roma a 1979, inda ya faɗa hannun Nils Liedholm, wani koci ɗan Sweden da aka sani da sanyin hali da barkwanci. Da Roma ya ci gasar Seriya A ta 1983. Gwiwa ce ta zame masa ƙarfen ƙafa: ita ta hana shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 1982 da Italiya ta lashe, ita ta hana shi buga wasan ƙarshe na kofin Turai a 1984, wanda Roma ta sha kashi a hannun Liverpool a filinta. A 1987 kocin Milan, Arrigo Sacchi, ya nace sai an kawo masa shi, duk da shakkun da ake yi kan gwiwoyin.

Sacchi kuwa wani irin mutum ne. Bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, takalma yake sayarwa kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Shi a wurinsa tsari shi ne komai. Mutum huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, tazarar da ke tsakanin na baya da na gaba kada ta wuce mita 25. Yakan jera 'yan wasa goma sha ɗaya a fili ba ƙwallo, ya riƙa nuna inda ƙwallon take a ƙage, su kuma su riƙa matsawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ancelotti ne ke tsakiyar wannan igiya. Da ita suka ci kofin Turai a 1989 da 1990, kuma a hanyar zuwa na farkon ne suka lallasa Real Madrid 5-0 a San Siro, inda shi Ancelotti ya buɗe cin da wani dogon bugu daga nesa. Da ya ajiye takalmi a 1992 sai ya bi Sacchi zuwa tawagar Italiya a matsayin mataimaki.

A nan ne labarinsa ya gifta ta ƙofar gidanmu. Ranar 5 ga Yuli 1994, a kusa da Boston ta Amurka, Najeriya na cin Italiya 1-0 da ƙwallon Emmanuel Amunike. An ba Gianfranco Zola jan kati jim kaɗan bayan shigowarsa, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi, mun riga mun fara lissafin wa za mu haɗu da shi a zagaye na gaba, sai Roberto Baggio ya farke. A ƙarin lokaci ya ƙara da fenareti. Duk ɗan Najeriyar da ya kai shekarun tunawa ya san inda yake zaune a wannan dare. Ancelotti yana cikin masu horar da Italiya a ranar. Da idonsa ya ga cewa a lokacin da tsarin Sacchi ya ƙare, ƙafar mutum ɗaya ce ta hana su hawa jirgi su koma gida.

Amma bai ɗauki darasin ba tukuna, kuma wannan ne ɓangaren labarin da na fi so. Ya fara cin gashin kansa a Reggiana a 1995, a rukuni na biyu, ya hauro da ita a kaka ɗaya. Parma ta ɗauke shi a 1996, da Buffon yana yaro, da Cannavaro, da Thuram, da Crespo, da Chiesa. A can ya tarar da Zola. Zola lamba goma ne, mai son yawo a bayan 'yan gaba, shi kuma tsarin da Ancelotti ya haddace ba shi da gurbin lamba goma. Ya tura shi gefe, abin bai yi daɗi ba, a Nuwamba aka sayar da shi ga Chelsea. Kafin kakar ta ƙare marubuta wasanni na Ingila sun zaɓe shi gwarzon shekara. A 1997 kuma sai ga Baggio da kansa, ciniki ya kusa faɗawa zai zo Parma. Ya nemi a bar shi ya yi wasa a bayan 'yan gaba. Ancelotti ya ce shi ba ya wasa da irin wannan gurbi. Baggio ya wuce Bologna ya zura ƙwallo 22 a kakar. Mutumin da ya cece su daga hannun Najeriya, shekara uku kacal tsakani, aka ce babu wurinsa saboda zane a kan allo.

Ancelotti ya sha faɗa da bakinsa cewa wannan kuskure ne babba, kuma ya yi nadama. Ya ƙara wani a Juventus a 1999, inda ya tarar da Thierry Henry yana matashi ya riƙa sa shi a gefe, har aka sayar da shi ga Arsenal, sauran labarin kowa ya sani. To amma a Juventus ɗin ne ya haɗu da Zinedine Zidane, kuma a nan ya saduda. Ba yadda za a yi ka ce wa Zidane ya je ya tsaya a layin gefe yana jiran umarni. Sai ya rushe abin da ya haddace, ya gina wasan a kewayen Zidane, da Del Piero da Inzaghi a gabansa. Tun daga ranar tambayarsa ta canja. Da yana tambaya ne wane ɗan wasa zai shiga tsarina, sai ya koma tambayar wane tsari ne zai fito da abin da ke jikin waɗannan mutane.

Juventus ba ta yi masa daɗi ba. Magoya bayanta ba su manta cewa shi ɗan Roma da Milan ba ne, har ƙyalle suka ɗaga suna kiransa alade. A 2000 kofi ya suɓuce masa ranar ƙarshe a Perugia, cikin wani mamakon ruwan sama da ya sa alƙalin wasa Collina ya daɗe yana gwada ko ƙwallo za ta iya gudu a filin. Lazio ta ɗauka. A 2001 ya sake zuwa na biyu, a bayan Roma, aka sallame shi. A lokacin sunan da ya yi a Italiya shi ne na mutumin da kullum yake zuwa na biyu. Masu cewa an haife shi da sa'a su riƙe wannan.

Abin da ya yi a Milan daga Nuwamba 2001 shi ne amsar da nake ba duk wanda ya ce ba shi da dabara. Ya tarar da tarin 'yan lamba goma: Rui Costa, Pirlo, sai Seedorf ya zo, sai Kaká a 2003. Ancelottin Parma da ya sayar da uku daga ciki. Wannan kuwa sai ya ɗauki Pirlo, siririn yaro marar gudu wanda Inter ta rasa yadda za ta yi da shi, ya ajiye shi a gaban 'yan baya, gurbin da aka saba bai wa masu sara da duka. Carlo Mazzone ya taɓa gwada hakan a Brescia, amma yin sa a Milan, a gasar Zakarun Turai, wani abu ne daban. Ya sa masa Gattuso a gefe yana yi masa aikin ƙarfi, shi kuma yana rarraba ƙwallo daga nesa kamar mai rabon goro a wurin ɗaurin aure, kowa nasa na iske shi har inda yake. Italiya ta ɗauki wannan gurbi na Pirlo yadda yake ta je ta ci kofin duniya da shi a 2006. Milan ta ci kofin Turai a 2003 a kan Juventus ɗin da ta kore shi, ta kuma ci a 2007.

Tsakanin biyun akwai Istanbul. Ba na son tuna daren 25 ga Mayu 2005, amma dole ne a lissafi. Milan na cin Liverpool 3-0 a hutun rabin lokaci, Maldini ɗaya, Crespo biyu. Cikin minti shida aka farke duka. Shevchenko ya samu ƙwallo a bakin raga a ƙarshen ƙarin lokaci, Dudek ya tare ta yadda shi kansa bai san ya yi ba. Aka je fenareti muka faɗi. Shekara ɗaya kafin nan, Deportivo ta Sifaniya ta rama cin 4-1 da muka yi mata da 4-0 ta fitar da mu. In sa'a ce ke bin mutumin nan, to a waɗannan darare ina ta tafi? Abin da na gani shi ne bai watsar da tawagar ba, bai fito ya ɗora wa wani ɗan wasa laifi ba. Bayan shekara biyu, da kusan mutanen nan dai, ya sake haɗuwa da Liverpool a Athens ya ci 2-1, duka biyun ta hannun Inzaghi.

Daga nan sai yawon duniya, kuma ba sai na bi shi tasha-tasha ba. A Chelsea, inda Mikel Obi ke riƙe masa tsakiya, ya ci Firimiya da kofin FA a 2010 da ƙwallo 103 a gasar, shekara na zagayowa aka sallame shi a filin Everton minti kaɗan bayan wasan ƙarshe. A PSG kakar farko Montpellier ta ƙwace kofin, John Utaka ne ma ya ci mata ƙwallo biyu a ranar ƙarshe, sai a 2013 ya ɗauka. A Madrid ya mayar da Di María daga gefe zuwa tsakiya don a samu wurin Bale, Benzema da Ronaldo, ya kawo kofin Turai na goma da suka yi shekara 12 suna mafarki. Na yarda, kan da Ramos ya farke da shi a minti na 93 a wasan ƙarshe a Lisbon, da ya kauce da taƙi ɗaya da labarin ya canja. Amma ai sai da aka doke Bayern ta Guardiola 4-0 a Munich kafin a je Lisbon ɗin.

Akwai wani sashe na aikin koci da ba ya fitowa a talabijin, shi ne zama da mai kulob. Ku duba jerin iyayen gidan da ya yi wa aiki: Berlusconi, Abramovich, masu kuɗin Qatar, Florentino Pérez, De Laurentiis. Ba wanda a cikinsu ya saba a ce masa a'a. Berlusconi mai Milan, yana firaministan Italiya, ya taɓa fitowa a talabijin a 2004 ya ce duk wanda ke horar da Milan dole ya sa 'yan gaba biyu. Wani kocin da ya kira 'yan jarida ya yi raddi, washegari ya tattara kayansa. Ancelotti ya yi shekara takwas a ƙarƙashin wannan mutum, yana ba shi girmansa a bainar jama'a, yana jera tawagarsa yadda ya ga ya dace. A Napoli, a Nuwamba 2019, mai kulob ya ba da umarnin a killace 'yan wasa a sansani don horo. Ancelotti ya faɗa a fili cewa bai yarda da matakin ba, amma da 'yan wasan suka yi tawaye suka tafi gidajensu, shi ya tafi sansanin ya kwana. Bayan wata guda aka kore shi, a daren da ya ci Genk 4-0 ya kai su zagayen 'yan 16. Mu nan mun saba ɗaukar shugaba mai tsawa da zare ido a matsayin wanda ya iya mulki, wanda ke tuntuɓar na ƙasa da shi kuma mu ce sakarai ne. Ina zargin rabin rainin da ake yi wa Ancelotti a majalisunmu daga nan ya samo asali.

Wata rana na je shagon telan nan na same shi yana yanka shadda, na ce bari in kama shi da sana'arsa. Na ce, "Kai yanzu in mutum biyu suka kawo maka ɗinki, ɗaya ƙato mai tumbi, ɗaya siriri kamar sillen kara, awo ɗaya kake yanka musu?" Ya ce a'a. Na ce, "To shi ne Ancelotti. Sai ya auna jiki yake sa almakashi." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, telan kirki ai yana da hannu. Ko daga nesa ka hango riga ka san ɗinkin wane ne. Ka ga wasan Guardiola ko an canja musu riga ka san nasa ne. Shi naka ina hannunsa?"

Na yi shiru, don maganar ta shige ni, kuma har yanzu ina ganin ita ce suka mafi ƙarfi da ake yi masa. Gaskiya ne Ancelotti bai kafa makaranta ba. Ba za ka ga matashin koci ya ce yana buga salon Ancelotti ba, yadda ake cewa salon Guardiola ko na Sacchi. Kuma lissafin gasar lig bai goyi bayansa sosai ba. Shekara takwas a Milan, da Maldini da Nesta da Kaká da Shevchenko, kofin Seriya A ɗaya tal, na 2004. Wannan abin kunya ne, ni ɗan Milan nake faɗa. A kusan shekara 30 na aiki yana da kofin lig shida, alhali Guardiola ya tara 12 daga 2009 zuwa 2024. Dalilin a ganina a fili yake. Lig wasa 38 ne, yana buƙatar wanda zai tsaya a kan mutane da bulala ko da ƙaramin kulob za a kara ranar da ba wanda ke jin daɗin fita. Mai sanyin hannu yakan bari igiya ta yi sako-sako. A Bayern abin da ya faru ke nan: ya gaji tawagar da Guardiola ya saba wa atisaye mai tsanani, ya ci lig a 2017, amma ƙorafi ya yi yawa cewa horon ya yi laushi, da PSG ta ci su 3-0 a Satumba aka sallame shi. Kakarsa ta ƙarshe a Madrid ma haka. Kroos ya yi ritaya, Mbappé ya zo, aka rasa wanda zai koma baya ya taya tsaro, shi kuma ya kasa tilasta wa taurarin. Barcelona ta doke su sau huɗu a kaka ɗaya, Arsenal ta fitar da su da 5-1 gida da waje. Telan ya yi wata guda yana gaishe ni da yatsu huɗu. Har ila yau ina ganin yana jinkirin amincewa da yara, Arda Güler ya ɗumama benci fiye da kima.

Duk na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a tattara wannan a kira shi rashin iyawa, a kira sauran sa'a. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 miyar ta ƙare. Benzema ya tafi Saudiyya, ba a sayo wani babban lamba tara ba sai aron Joselu. Courtois ya tsinke jijiyar gwiwa kafin a fara, Militão ya bi shi a wasan farko, Alaba ya bi su a Disamba. Sai ya ɗauki Bellingham, ɗan shekara 20 da aka sayo a matsayin ɗan tsakiya, ya tura shi can bayan 'yan gaba, wato gurbin nan dai da ya taɓa ce wa Baggio babu shi. Yaron ya ci ƙwallo 19 a La Liga. Ya ja Tchouaméni daga tsakiya ya mayar da shi mai tsaron baya. Suka gama da maki 95, wasa ɗaya kawai suka rasa a lig, suka je Wembley suka doke Dortmund 2-0. Kofin Zakarun Turai na biyar ke nan a matsayin koci, ba wanda ya kai haka, kuma shi kaɗai ne ya ci lig a Italiya, Ingila, Faransa, Jamus da Sifaniya.

Ga masu cewa sai da taurari yake iyawa, a duba abin da yake yi wa ɗaiɗaikun mutane. Vinícius kafin 2021 abin dariya ne a gidajen kallo, mai gudu har bakin raga ya buga wa 'yan kallo. A kaka ɗaya a hannun Ancelotti ya ci 22, har da wadda ta ba su kofi a kan Liverpool a Paris. A Everton, inda Alex Iwobi ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya ce wa Calvert-Lewin ya daina yawo, ya tsaya cikin da'ira ya riƙa bugawa da taɓi ɗaya irin na Inzaghi, yaron ya ci 16 a Firimiya. Bai mayar da Everton zakara ba, ta goma ta ƙare, amma ta je Anfield ta ci a 2021, abin da rabonta da shi tun 1999. Batun almajirai kuma, Zidane ya zauna kusa da shi a benci a matsayin mataimaki a kakar da aka ci na goma, daga baya ya karɓi Madrid ya ci kofin sau uku a jere da irin wannan riƙon na lallashi. Shi ma an ce sa'a ce.

A Mayun 2025 Brazil ta kira shi. Ƙasar da ta ci kofin duniya sau biyar, wadda ba ta taɓa zuwa gasar da koci baƙo ba, rabonta da kofin tun 2002, ta duba duniya ta ɗauko ɗan manomin Reggiolo. Wasansa na biyu ya faɗo ranar da ya cika shekara 66, suka ci Paraguay 1-0, Vinícius ne ya ci, suka samu gurbin gasar 2026. Na tura wa telan saƙo da safe. Ya amsa da cewa Paraguay ce, in bari a haɗu da manya.

Da Sallah ta matso na kai masa yadi. Awona yana cikin littafinsa tun shekarun baya, na ce ya duba ya yanka kawai, sauri nake. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya zaro tef daga wuyansa ya ce, "Malam, ɗaga hannunka. Wancan awon na lokacin da ba ka da tumbi ne."